Sanyin da Ba Ni da Shi

Shekara uku da 'yan watanni na yi ina shan maganin ciwon da ba ni da shi. Har yau idan na ji warin sassaƙen da aka jiƙa ya kwana, sai raina ya ɓaci kamar yanzu aka yi abin.

An kai ni aure wani ƙauye da ke gaba da Dawakin Tofa, irin ƙauyukan nan namu da ba ka gane inda gonakin wannan gari suka ƙare na wancan suka fara. Babban gida ne, sassa huɗu, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Maigidana shi ne auta. Da damina yana gonar gandu tare da yayyensa, gero da dawa da gyaɗa. Da rani kuma sai ya tafi Watari noman tumatir da albasa, ya zo gida ya kwana biyu ya koma. Mutum ne mara hayaniya. Uwarsa, wadda duk gidan muke kira Inna, ita ma ba muguwa ba ce. Ina so a gane wannan tun daga farko: abin da aka yi mini, da so aka yi shi. Wannan ne ma ya fi ci mini rai, domin ban samu wanda zan tsana hankali kwance ba.

A gida irin wannan mace ba ta da sirrin wata. Idan aka kira azahar kowa ta ɗauki buta ke kina zaune kina tsince shinkafa, an gani. Inna ba ta tambaya. Sai dai ta dube ni, ta ce, "Allah ya sa da rabo a gaba," ta shige ɗakinta. Shekarar farko haka muka yi, ba wanda ya matsa mini.

Da muka shiga ta biyu sai aka kira Hajiya mai magani. Mace ce mai jiki, mai fara'a, tana yawo gida gida da babbar jaka a ƙauyukan yankinmu, ba matar da ba ta san ta ba. Tana sayar da kayan gyaran jiki na amare da na masu jego, tana kuma duba matan da haihuwa ta yi wa jinkiri. Aka shimfiɗa mata tabarma a ɗakin Inna, aka kira ni. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta.

Ta ce, "Matso, 'yata, ni uwa ce. Al'adarki tana zuwa daidai?"

Na ɗaga kai.

"To bayan kin yi wanka, idan an kwana biyu, kina ganin wani ruwa yana sauko miki? Fari tas, mai yauƙi, kamar ruwan ɗanyen ƙwai?"

Tun ina budurwa nake ganin wannan abu, ban taɓa faɗa wa kowa ba, ga shi baƙuwa ta zayyana shi kamar tana cikin jikina. Na sunkuyar da kai na ce e.

"Da ɗan ciwo a gefen mara, wani watan dama, wani watan hagu?"

Na ce e.

Ta juya wajen Inna ta tafa hannu a hankali. "Kin ji ko? Sanyi ne, ya yi mata yawa. Shi ke wanke mahaifa, ko ciki ya shiga ba zai zauna ba. Allah ya taimake ku da kuka kira ni da wuri."

Wallahi a ranar daɗi na ji. An gano abin da ke damuna, an ba shi suna, ga kuma magani a jaka. Ta ba ni sassaƙe na jiƙawa a sha, da wani haɗi na bagaruwa da kanwa da farin gari wanda zan riƙa tsarki da shi, da turaren da zan tsuguna a kansa. Sannan ta kafa sharaɗi.

Ta ce, "Ranar da kika ga ya fara sauka, ranar za ki fara. Kuma maigida ya yi haƙuri har sai ya ɗauke tas. In ba haka ba ki shafa masa, ya dawo miki da shi, aikin banza ke nan."

Inna ce da kanta ta isar wa ɗanta da wannan saƙo, ban san da wane baki ba. Shi dai ya shigo ya ce, "An ce a yi haƙuri, to za a yi." Shi ke nan.

Daga nan na zama mai lura da jikina fiye da yadda maigida ke lura da yabanya. Na san yadda abin yake farawa: bayan wanka 'yan kwanaki a bushe, sai ɗan danshi, sai ya ƙaru, sai ya zama mai santsi da yauƙi, sai wannan ɗan jan da ke kama ni a gefen mara ina tsakiyar daka. A waɗannan kwanaki jikina yakan yi sakayau, in ji ƙarfi, in ji ina son ganin mijina ko da wucewa yake yi ta tsakar gida. Wannan ma na ɗauka cikin ciwon ne, ina jin kunyar kaina. Da na ga alamar farko sai in jiƙa sassaƙe, in hura garwashi a kasko, in ce masa, "Abin ya taso." Sai ya ɗauki tabarmarsa ya koma shagon zaure. Idan abin ya ɗauke, jiki ya koma a bushe, sai in ce, "Na samu sauƙi." Sai ya dawo.

Abin da ba na iya tunawa ban ciji leɓe ba shi ne lokacin rani. Yana Watari, sai ya kira ni a waya ya ce jibi zai shigo. Ni da bakina nake ce masa, "Kada ka wahalar da kanka wannan satin, ya taso. Bari sai na samu sauƙi." Sai ya ce to, Allah ya ba da lafiya. In ajiye waya in je in kurɓi ɗaci.

Kowane wata abin sai ya dawo, ko sau ɗaya bai yi fashi ba. Idan Hajiya ta zagayo na faɗa mata, sai ta girgiza kai ta ce nawa mai naci ne, wataƙila gado ne daga wajen uwa, sai ta canza haɗi. Ba ta taɓa rasa amsa ba. A shekara ta biyu da fara maganin sai ƙaiƙayi ya zo, da raɗaɗi, abin da ban taɓa sani ba a da. Ta ce, "Alhamdu lillahi, ciwon ne ke fitowa. Ki ƙara yawan tsarkin." Na ƙara. Matan yayyen maigida suka yi ta haihuwa a gabana, ina yi musu wankan jarirai, ina dama musu kunun kanwa. Babu wadda ta taɓa yi mini gori a cikinsu. Tausayina suke ji, suna cewa, "Baiwar Allah, sanyi ya hana ta sakat." Sunan da na samu ke nan a gidan, har maƙwabta sun san shi.

Abin da ya cece ni shi ne ciwon da ya zama na gaske. Wani rani raɗaɗin ya kai ko zama ba na iyawa sai a karkace. Ina da yaya da ke aure a Bacirawa cikin birni, na je gidanta barka, ta ga yadda nake tafiya. Ba ta tsaya neman izinin kowa ba, washegari da safe ta sa ni a a-daidaita-sahu sai asibiti.

Malamar jinyar da ta duba ni ba ta girme ni sosai ba. Ta gama dubawa ta wanke hannu, ta ce, "Me kike sawa a jikinki?"

Na lissafa mata. Ta ce, "Na me?"

Na ce, "Na sanyi, Sista. Shekara uku ke nan, ya ƙi jin magani."

"Yaya yake yi miki? Tun kafin ki fara sa waɗannan abubuwan nake nufi."

Na zayyana mata kamar yadda na saba yi wa Hajiya, har da gefen mara. Ta tambaye ni ko yana wari, na ce a'a. Ko yana da launi, rawaya ko kore, ko yana guda-guda, na ce a'a. Ko yana ƙaiƙayi a da, na ce a'a. Ko kullum ne, na ce a'a, lokacinsa gare shi, tsakanin wanka da zuwan wata al'adar, ya yi 'yan kwanakinsa ya wuce.

Ta jawo kujera ta zauna daf da ni. Ta ce, "Ƙanwata, wa ya ce miki wannan ciwo ne? Ciwon sanyi akwai shi, muna maganinsa kullum a nan, amma ba haka yake ba. Wannan da kike faɗa lafiya ce. Jiki ne yake sanar da ke ƙwan haihuwa ya kusa sauka. Yauƙin nan shi ke buɗe hanya. Duk wata, waɗannan ne kwanakin da mace ta fi samun ciki. Raɗaɗin da ya kawo ki yau kuwa, abin da kike tsarki da shi ne ya ƙona ki."



Ta ce, "A waɗannan kwanakin maigida yana gari?"

Na ce, "Yana zaure. Ko in ce masa kada ya zo."

Yayata da ke tsaye a bayana ta yi salati a hankali. Sai Sista ta rubuta mini magani na ƙunar, ta ce in daina sa komai sai ruwa zalla, in bari in warke tukuna. Ta ce kada in ɗauka ta yi mini alkawarin ciki, haihuwa ta Allah ce, kuma akwai wasu dalilan da ke kawo jinkiri daga wajen mace ko daga wajen namiji. In ci gaba da lura da alamar kamar yadda na iya, sai dai in juya abin da nake yi da ita. Idan aka ɗau watanni shiru, mu dawo mu biyu, ni da shi.

Ban yi kuka a asibiti ba. A motar komawa gida ne abin ya taso mini, kuma ba kuka ba ne, fushi ne. Na tuna Islamiyya, inda malama ta koya mana hukuncin jinin al'ada dalla-dalla, da yadda ake gane tsarki, da na biƙi, muka haddace muka ci jarrabawa. Abin da ke zuwa a tsakiyar wata kuwa ba a taɓa ambatarsa ba. Na tuna makarantar boko, inda malamin kimiyya ya zo kan shafin ya ce mu karanta a gida. Na tuna daren da za a kai ni, gwaggonnina sun kewaye ni suna ta nasiha a kan haƙuri da girki da gaida surukai. Mata goma sha a ɗaki ɗaya, kowacce ta haihu, kowacce jikinta yana yin abin da nawa ke yi. Magana ɗaya tak ta ishe ni, a ce, idan kin ga kaza lafiya ce. Kunya ta hana su. Amma kunyar ba ta hana a zaunar da ni gaban surukata a tambaye ni abin da ke cikin zanena ba, tun da sayar mini da magani za a yi.

Maigida ya zo daga Watari bayan kwana biyu. Bayan la'asar yana zaune a ƙofar ɗakina yana kwance wani ƙarfe na injin ban ruwa, na zauna na faɗa masa komai. Ya ajiye abin da ke hannunsa. Da ya buɗe baki sai ya ce, "To kada dai Inna ta ji. Ranta zai ɓaci, ita ta kawo matar."

Na ce, "Malam, shekara uku ina shan ɗaci, ina tsuguno a kan wuta, an ƙona ni, ina korarka da bakina. Abin da ya fara zuwa maka shi ne ran Inna?"

Tun da aka kawo ni ban taɓa yi masa magana da irin wannan murya ba. Ya dube ni kamar bai san ni ba. Can ya ce, "Ni ma fa ban sani ba." Na ce na sani bai sani ba, amma ko sau ɗaya bai ce mu je asibiti ba, alhali tumatirinsa in ganye ɗaya ya nannaɗe ba ya kwana bai nemi malamin gona ba. Da magariba ya je zaure ya naɗo tabarmarsa ya jingine ta a bayan ƙofata, bai sake mayar da ita ba.

Inna kuwa ta ji, domin Hajiya ta zagayo kafin wata ya ƙare. Aka shimfiɗa tabarma, aka kira ni. Na gaishe ta, na ce na gode, amma na daina.

Ta yi dariya ta ce, "An je asibiti ke nan. 'Yata, su waɗannan ba su san sanyi ba, ba ya fitowa a na'urarsu."

Na ce, "Hajiya, ke ma Allah ya ba ki haihuwa da yawa. Lokacin da kike haihuwar, ba ki ganin irin ruwan nan a jikinki?"

Fara'ar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce wa Inna, "Yarinyar nan taku ashe ba ta da kunya." Inna ta ce, "Ba ta haƙuri, 'yar nan, sa'ar uwarki ce." Na durƙusa ina kallon tabarma, ban ba ta ba. Har yau ban sani ba ko Hajiya ta san gaskiya tana ɓoyewa, ko ita ma haka aka gaya mata ta riƙe. Na daɗe ina juya wannan, daga baya na ga ko wanne ne jikina aka ƙona.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, amma ba ta yarda ba. Ta ci gaba da karɓar sassaƙen, ta jiƙa da hannunta, ta ajiye mini a ƙofa a rufe da faifai. Ni kuma in ɗauka in ce na gode, in zagaya bayan ɗaki in tuttular.

Da na warke sai na koma lura, wannan karon ina jiran abin da a da nake tsoro. Ba abu ne mai sauƙi ba kamar yadda na zata. Ba kowane wata yake zuwa a rana ɗaya ba, wani lokaci ya yi sauri, wani lokaci ya yi nawa, musamman watan da na yi zazzaɓi. Ga shi rani ne. Sai in kira maigida yana tsakiyar masu ɗiban tumatir, mota tana jiran kwanduna, in ce, "Ka zo gida." Ba na ƙara komai, shi ma ba ya tambaya. Wani lokaci ya hau babur ya iso da yamma, ƙafafunsa duk taɓo, ya koma da sassafe. Wani lokaci ba hali, sai abin ya wuce ina zaune ina jin haushin tumatir. Yayyensa suka fara cewa auta ya zama na mace, da an kira shi sai ya bar aiki. Su ɗin nan da suka yi shekara uku suna ganinsa a zaure ba wanda ya ce uffan.

Watannin da suka biyo baya sun fi na baya wuya, domin yanzu ba ni da ciwon da zan ɗora wa laifi. Duk ranar da al'ada ta zo sai Inna ta dubi kwanon jiƙon ta dube ni. Har na fara shakka, ina cewa ko dai Hajiya ce da gaskiya. Rani ya wuce, aka yi shuka, aka yi noman farko, aka yi maimai. Na riga na sa maigida ya amince za mu koma asibiti mu biyu da zarar an yanke gero. Kafin a yanke ɗin sai wata ya wuce ban yi fashin salla ba, wani ma ya bi bayansa.

Mace na haifa. Ranar suna gida ya cika, ina zaune a ɗaki da lalle da sabon zane, sai ga Hajiya da jakarta. Ta karɓi jaririyar ta ɗaga ta a gaban mata, ta ce, "Kun gani ko? Maganina a hankali yake aiki, amma ba ya ƙarya. Sanyin yarinyar nan sai da na yi shekara huɗu ina fama da shi." Mata suka yi ta sa mata albarka. Inna ta kawo turmin atamfa ta ajiye mata a cinya. Na buɗe baki, yayata ta danne mini gwiwa ta ce a kunnena, "Ba yau ba." Na haɗiye. Naman sunan ma kasa ci na yi.

Bayan wata biyu na kai yarinyar rigakafi a ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Muna kan benci sai wata matashiya da ta rako facalarta ta yi ta kallona. Can ta matso ta gaishe ni, ta ce daga ƙauyen da ke bayan namu take.

Ta ce, "Yaya, ba ke ce wadda Hajiya ta warkar ba? Ta ba mu labarinki. Ni ma irin naki gare ni, wata biyar ke nan da na fara shan nata."

Na gyara goyona, na ce ta zo mu koma gindin darbejiya inda ba mutane. Na tambaye ta yadda nata yake, ta faɗa da ƙyar, fuska a cikin koren mayafinta. Irin nawa ne sak. Na gaya mata abin da Sista ta gaya mini, ban rage komai ba, na kira kowane abu da sunansa. Na ce kada ta tsaya a maganata, ga malaman asibiti nan a ciki, ta shiga yanzu a duba ta, in akwai ciwo su faɗa mata, in babu su faɗa mata.

Ta ce, "Surukata ce ke saya mini. Kuma ban nemi izinin ganin likita ba."

Na ce, "Kina cikin asibitin ai. Ƙofar ga ta can."

Ta tsaya tana murza bakin mayafinta. Sai aka kira lambarmu, na shiga da yarinya. Aka yi mata allura ta tsala kuka, na tsaya rarrashi. Da na fito na duba gindin darbejiyar da kan bencin, ba ita ba facalar tata. Na tambayi mai shara ko ta ga wata mai koren mayafi ta shiga ɗakin Sista, ta ce mata masu koren mayafi yau sun fi a ƙirga.